Murfin bayan Hilux: wanne ya dace da mai jan tirela kuma mai kwana a gona?

Manomin_Fadama: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Ina da Hilux Vigo ta 2013 mai ƙofa huɗu, mai fetur, bayanta a buɗe yake tun da na saye ta. Ina zaune Birnin Kebbi amma gonar shinkafata tana fadamar wajen Suru, in aikin rani ya kama nakan yi kwana uku ko huɗu can ban dawo gida ba. Ina jan 'yar tirela mai taya biyu da nake ɗora wa injin huɗa na hannu da injinan ban ruwa guda biyu, a bodin motar kuma taki, iri, jarkokin mai, tiyo, katifa, kayan abinci da tukunyar gas. Abu uku ke damuna, ƙura, ruwan sama in damina ta faɗi, sai hannun mutane, don satin da ya wuce na tsaya sallar la'asar a hanya kafin in fito an ɗauke min akwatin sifanu da tocila. Na ga murfi kala-kala a intanet, akwai na tampol mai naɗewa, akwai mai tauri mai ninki uku, akwai na alminiyon mai shigewa kamar ƙofar shago, sai kanofi mai tagogi wanda ke mai da mota kamar jif. Wanne zai yi min? Wanda ya taɓa amfani da ɗaya ya faɗa min abin da idonsa ya gani don Allah.

Dan_Gwandu: Wa alaikumus salam. Kanofi kawai Alhaji, ka sa ka huta. Kaya a kulle, kai kuma ka samu wurin kwana.

Bakanike_Jega: Dan_Gwandu ka yi saurin yanke hukunci. Alhaji kafin ka sayi komai zauna da biro ka yi lissafin nauyi. Hilux mai ƙofa huɗu a takarda abin da take ɗauka wajen tan ɗaya ne, wasu ma ba su kai ba, kuma wannan lissafin har da ku mutanen da ke ciki. Ka ɗauki yaran gona uku da kai, kun ci wajen kilo 280. Kanofin faiba shi kaɗai zai ci kilo 70 zuwa 100. Sannan abin da mutane ke mantawa, kan tirela yana danna ƙugiyar motar, ƙa'ida kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin tirelar ne ke sauka a wurin. To in ka cire duk waɗannan abin da ya rage ma bai fi buhun taki goma 'yan kilo 50 ba, ban sa jarkoki da gas ba tukuna. Kullum ina canza wa mutane sifirin da shoka a garejina, kuma in ka bincika wannan lissafin ne ba su yi ba.

Manomin_Fadama: Maigida Allah ya saka. Gaskiya ban taɓa sa nauyin kan tirela a lissafi ba, ni dai in na ga taya bai kwanta ba sai in ja.

Baba_Kangiwa: Ku yara kuna son wahalar da kanku. Mu da munka fara noman rani da Fijo 504 fikof, tampol da igiya munka sani, kuma shinkahwa ta kai gida lahiya. Ka tahi wurin mai walda shi yi ma rumhwar ƙarhe, ka sa a ɗunka tampol mai kauri irin na manyan motoci daidai da ita, mai zoben ɗauri. Ranar da za ka ɗauko shanshera ka kwance noti huɗu ka aje ta gehe. Wanga shi na abin da ad daidai da manomi.

Dan_Gwandu: Baba ai ya ce sata ake masa. Tampol ko reza ta ishe shi.

Baba_Kangiwa: To sai a walda mai akwatin ƙarhe can gaban bodi, a ɗaure shi da noti ta ciki, a sa kwaɗo. Sihwanu da tocila su shiga ciki. Wa zai tsaya bakin masallaci shina kwance buhun taki cikin minti goma?

Injiniya_Zuru: Ni mai ninki uku nake da shi a Hilux Revo ɗina shekara biyu ke nan, bari in faɗi alherinsa da sharrinsa. Alherinsa ba shi da nauyi sosai, mutum biyu za su cire shi cikin 'yan mintoci tunda da matsi aka kama shi a gefen bodi ba a huda komai ba, ruwan sama kuma kaɗan ne ke shiga ta lungu. Amma Alhaji tunda kana jan tirela ga abin da ba wanda ya gaya min sai da na gani da kaina. Sakatar murfin a ƙarƙashi take, sai ka sauke ƙofar bodi kafin hannunka ya kai gare ta. To in tirela tana maƙale, ƙofar tana saukowa sai ta doki hannun jak ɗin tirelar, ba ta buɗuwa duka. Tawa har yanzu akwai lotsawa a tsakiyarta daga ranar farko. Yanzu in zan ɗauki ko gorar ruwa ce a hanya sai in riƙe ƙofar da gwiwa a rabi in zura hannu. Ka je ka gwada taka yau, ka maƙala tirelar ka sauke ƙofar a hankali ka ga inda za ta tsaya. Wannan gwajin shi zai fara rage ma zaɓi.

Abu_Khadija: Wallahi wannan magana ta Injiniya gaskiya ce, ni ma ta same ni. Sai da na kai tirelar wajen mai walda ya matsar da jak ɗin baya kamar taƙi biyu sannan na samu lafiya.

Mai_Kifi_Yauri: Salam. Ni kwale-kwalen faiba nake ja, kuma na yi amfani da kanofi wata bakwai na cire na sayar. Dalilina ribas. In za ka gangara bakin ruwa da tirela babu kaya a kanta, ba ka ganinta ta madubin gefe sai ta riga ta karkace, da can nakan sauke ƙofar bodi in waiga ta gilashin baya in ga komai, da na sa kanofi sai ya zama gilashi uku ne tsakanina da tirelar, biyu daga ciki sun sha ƙura ga kaya a tsakani. Sau biyu ina kusan jefa taya ɗaya a rami. Na biyu injin jirgi, in na kwantar da shi a baya warin fetur ke cika ciki, katifa da bargo duk su ɗauka. Yanzu mai shigewa irin ƙofar shago na sa, yana da makullinsa a sama, ko tirela na maƙale ina buɗe shi ban taɓa ƙofar bodi ba.

Injiniya_Zuru: Mai_Kifi amma faɗa masa wurin da akwatin naɗin yake ci.

Mai_Kifi_Yauri: Eh gaskiya ne yana ci. Akwatin da yake naɗewa ciki yana can gaba jikin kan mota, zai cinye kamar santimita 25 zuwa 30 ta sama. Ƙarƙashinsa dai ana tura abu marar tsayi kamar tiyo ko tabarma.

Bakanike_Jega: To kun ji. Bodin mai ƙofa huɗu tsawonsa mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, in an cire santimita 30 me ya rage wa manomi? Sannan wannan mai shigewa a kan layin dogo yake gudu, hagu da dama, ku kuma hanyar fadama jar ƙasa ce da yashi. An kawo min guda biyu da suka ƙi motsi, ina buɗewa na tarar yashi da ƙaiƙayin shinkafa sun cika layin, masu shi kuma sun zuba giris wai don ya yi santsi, giris ya kama ƙura ya zama kamar kwalta. Ba a sa masa giris, wanke shi ake da ruwa a busar a fesa mai irin na silikon. Akwai kuma 'yan tiyo na zubar da ruwa a ƙasan akwatin, in suka toshe ruwan saman da ya taru cikin bodi zai koma. Mai kifi yana bakin kogi kullum yana wanke mota shi ya sa nasa ke lafiya.

Hajiya_Likitar_Dabbobi: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, aikina yawon rigakafin dabbobi ne a rugage tsakanin Bagudo da Koko, motar aikinmu kanofi gare ta. Abin da ban ga an taɓo ba shi ne zafi. A watan Maris da Afrilu in rana ta take, waje ma ya haura digiri 40, cikin rufaffen bodi kuwa tanda ne. Ƙanƙarar da ke kwana biyu a kula in tana cikin mota, a bayan kanofi kafin la'asar ta zama ruwa. Alhaji ya ambaci iri da tukunyar gas da jarkokin fetur, waɗannan ukun ba na rufewa ruf ba ne cikin rana. Jarka tana kumbura, tururin fetur ya taru, ga gas a gefe. Duk wanda za ka saya ka zaɓi fari ko mai haske, kuma mai da gas su koma kan tirela inda iska ke dukansu, a ɗaure su da kyau a tsaye.

Manomin_Fadama: Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Jarkokin dama suna kumbura ko yanzu da bayan yake buɗe. Zan mai da su tirela in sha Allah.

Bakanike_Jega: In za ka mai da su kada ka jibge su can ƙarshen tirelar Alhaji. Nauyi in ya koma bayan taya tirela tana fara rawa da wutsiya in ka kai gudu, ta ja motar hagu da dama. Ka sa mai nauyi a saman gatarin taya ko gaba da shi kaɗan. Kuma in tirelar ba ta da birkinta na kanta kada duka nauyinta ya wuce kilo 750, haka ƙa'idar take a littafin motar.

Sojan_Gona: Ni tambayata daban ce. Wai har yanzu akwai mai kwana a gona? Mu nan wajen Gusau mun manta rabon da mu yi haka, ƙarfe huɗu ta yi ma a gona ma sai addu'a. Alhaji ka yi tunanin ranka kafin murfin mota.

Manomin_Fadama: Allah ya kawo muku sauƙi ɗan'uwa, ya kawo mana gaba ɗaya. Wajenmu da sauƙi alhamdulillah, kuma ba ni kaɗai nake kwana ba, fadamar cike take da masu ban ruwan dare, ga mutanen ƙauyen sun san ni shekara shida. Amma duk ranar da maigari ya ce a shigo gari, shigowa nake in kwana a zaurensa.

Baba_Kangiwa: Amin ya Allah. Hakanan na, duk inda za ka kwana ka fara gaida mai gari, shi san da zamanka.

Sojan_Gona: To tunda haka ne ga shawarata a kan murfin. Kada ka sa farin kanofi mai baƙin gilashi a kan farar Hilux. Daga nesa kamar motar hukuma take, kuma akwai hanyoyin da ba ka so a ɗauke ka a haka. Rumfar tampol da Baba ya faɗa kowa ya gani ya san manomi ne ko ɗan kasuwa.

Dan_Gwandu: Wannan kuma ban yi tunaninsa ba gaskiya.

Musa_Texas: Salam daga Amurka, ɗan Argungu ne ni. Nan kusan kowace fikof da murfinta, kamfanoni irin su BAKFlip da Retrax da TruXedo su ne a kasuwa, kanofi kuma Leer da ARE. Masu jan manyan tireloli na dawakai ko gidan tafi-da-gidanka, ƙugiyarsu a tsakiyar bodi take saman gatarin baya, shi ya sa ba sa iya sa kanofi ko murfi mai falle ɗaya, sai mai naɗewa ko mai shigewa wanda zai bar tsakiyar a buɗe. Masu zuwa kwana daji kuma yanzu abin da suke yi shi ne murfi a ƙasa, sannan ƙarafa a samansa a ɗora tanti mai ninkewa, ka hau da tsani ka kwana sama, kayanka na kulle a ƙasa.

Abu_Khadija: Malam Musa wannan sai ku can. Mu ƙugiyarmu a bamba take ƙasa, kuma in abu ya lalace a cikin waɗannan da ka lissafa a ina za a samo kayan gyaransa a Birnin Kebbi? Abin da ake samu a Legas da Abuja da Kano yawanci na Tailan ne irin Carryboy, sai na Chaina marasa suna, sai na gwanjo da ake cirowa daga motocin Kwatano.

Musa_Texas: Haka ne, ban ce ya yi oda daga nan ba, motocin nan ma girman bodinsu daban ne da Hilux. Dabarar kwana a sama nake nufi, mai walda zai iya yin irinta.

Injiniya_Zuru: Tantin sama yana da nasa. Shi kaɗai kilo 50 zuwa 70 ne, ga ƙarafan, kuma nauyin a sama yake, a hanyar fadama mai gangare ga tirela a baya ba na son mota mai nauyin kai. Amma maganar gwanjo da Abu_Khadija ya kawo, Alhaji ka kula, murfin Revo ba ya zama daidai a Vigo. Revo daga 2015 ta fara, bodinsu ba ɗaya ba ne, mai sayarwa zai ce ai duk Hilux ce za a daidaita, daidaitawar nan ita ce ƙofar ruwa da ƙura. Ka tafi da motar a ɗora a gabanka. In kuma kana da ƙarfen kwalliyar nan na bayan kai, ko robar bodi mai hawa kan gefe, ɗaya daga ciki sai an cire ko an yanka.

Nura_Matan_Fada: Bari in yi maganar kwana tunda ni na kwana cikin kanofi. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu na 2020, watan Maris, gari ya cika babu masauki, baƙi sun cika gidanmu sai na bar musu ɗaki na kwana biyu a bayan motar wana. Malam mutum ba ya miƙewa a bodin mai ƙofa huɗu. Ni tsayina bai kai na wasu ba amma sai da na sauke ƙofar bodi ƙafafuna suka hau kanta, to in ka sauke ƙofa sauro ya samu hanya, in ka rufe ka naɗe kamar jinjiri ga zafi, ga tudun taya biyu sun matse katifa ta gefe. Dare na biyu gidan sauro na ɗaura daga ƙofar kanofin ta sama na sako shi har ƙasa sannan na yi barci. Wanda ke da mai ƙofa biyu mai dogon bodi, wajen mita 2.3, shi ne zai ce kanofi ɗaki ne. Kuma kafin ka kwanta sai ka sauke duk kayan da ke ciki ka ajiye a ƙasa, wato abin da kake gudun a sace shi ne zai kwana waje.

Manomin_Fadama: Nura wannan ta shige ni. Ni yanzu a kan tabarma nake kwana gefen mota da gidan sauro, abin da ya sa nake son hawa sama macizai ne, bara mun kashe kububuwa taku biyar daga inda nake shimfiɗa.

Hajiya_Likitar_Dabbobi: Subhanallah, Allah ya tsare. To don Allah duk mai kwana cikin rufaffiyar mota ya ji wannan. Kada a kunna janareta ko injin ban ruwa kusa da inda iska ke shigo muku, kada a shiga da gawayi ko risho don jin ɗumi lokacin hunturu, kada kuma a bar motar a kunne. Hayaƙin yana da wata iska, kabon monoksaid, ba wari ba launi, mutum barci kawai zai ji ya zarce. A bar taga biyu a buɗe, ɗaya kowane gefe, a sa musu raga.

Abu_Khadija: Allah ya saka wa Hajiya. A fadama injin ban ruwa kwana yake yana aiki, wasu kuma kusa da shi suke shimfiɗa don kada a sace.

Dan_Gwandu: Ni fa na ji an ce murfi yana rage shan mai sosai, tunda iska ba ta dukan ƙofar baya. Da tsadar man nan tun da aka cire tallafi a 2023 ai ko wannan kaɗai ya isa dalili.

Injiniya_Zuru: Ni dai ban ga wani bambancin kirki a tankina ba. In ma akwai kaɗan ne kuma sai a doguwar kwalta da gudu ɗaya. Mai jan tirela da injin huɗa a kai, iskar da ya tsira da ita a bodi tirelar za ta kama. Iskar taya daidai da sauƙin ƙafa sun fi murfi rage mai.

Bakanike_Jega: Mu dawo kan ƙura don ita ce ta farko a lissafin Alhaji kuma ba wanda ya amsa ta. Babu murfin da ke hana ƙura shi kaɗai. Ƙura ba ta sama take shiga ba, ta ramukan gefen ƙofar bodi da ƙasanta take shiga, don in mota na gudu bayanta yana zuƙo iska ne, duk abin da taya ya tayar sai ya dawo ciki. Har na ga wanda ya sa kanofi mai tsada ya dawo yana faɗa wai kayansa sun fi yin ja fiye da lokacin da bayan ke buɗe. Maganinta roba ce a liƙa zagayen ƙofar, gefe biyu da ƙasa, a toshe 'yan ramukan lungun gaba. Masu kanofi kuma akwai 'yar ƙofar iska da ake sawa a rufinsa tana kallon gaba, iska mai tsabta ta shiga ta cika ciki sai ƙura ta rasa hanyar shigowa. Da hunturu dai ko me ka yi katifa da abinci ka sa su cikin leda babba.

Mai_Kifi_Yauri: Na shaida maganar roba, da na liƙa ta ƙurar ta ragu sosai.

Injiniya_Zuru: Ga wata kuma ta sata. Yawancin Vigo da na gani ƙofar bodinsu ba ta da makulli. In ka sa mai ninki uku mai tauri ka bar ƙofar haka, ɓarawo sauke ta kawai zai yi ya ja sakata. Sai ka sa mata makulli tare.

Baba_Kangiwa: To kun gani? Ku sa roba, ku sa makulli, ku matsar da jak, ku wanke layi, kada ku sa giris. Ni ɗiyana ina tambaya guda, ranar girbi mi za a yi? Buhun shanshera in anka jera shi sai ya wuce kan mota, wane murhi cikin waɗanga za ya bari? Kuma rumhwar da nic ce, in dare ya yi ka sauke ƙohwar bodi, ka ja tampol ɗin ya sauko bisa ƙahwahunka, ka ɗaura gidan sauro ga ƙarhen rumhwa, ka kwana sama da maciji, iska na shiga ta ko'ina. Da rana ka ɗaga gehe guda ka kahe shi da sanda biyu kun samu inuwar cin abinci da salla. In ya yage, mai ɗunkin buhu na kasuwa ya gyara ma shi.

Nura_Matan_Fada: Maganar inuwa gaskiyar Baba ce, a fadama babu bishiya. Amma tampol rana tana cinye shi, shekara biyu ya fara tsagewa a wajen zobba, kuma in ba a ɗaure shi tamau ba a kwalta yana kaɗawa kamar tuta har ya goge fentin gefen mota. Ruwa kuma yana taruwa a tsakiya in rufin a kwance yake.

Baba_Kangiwa: Sai a lanƙwasa ƙarhen sama kamar baka, ruwa shi gangare. Wanga aikin mai walda na.

Abu_Khadija: Ni abin da zan ƙara, masu bin hanyar Kamba da sauran hanyoyin kan iyaka, rufaffen baya yana jawo tsayawa. Duk shingen da ka zo sai an ce buɗe mu gani, kuma haƙƙinsu ne su duba, amma in buɗewar sai ka kwance igiya goma sha biyu ko ka cire tirela, tafiyar awa ɗaya ta zama biyu. A nan mai shigewa da kanofi mai ƙofar gefe suka fi, daƙiƙa kaɗan ka buɗe ka rufe. In tampol ne a yi masa labule a baya mai ɗagawa da bel biyu.

Hajiya_Likitar_Dabbobi: Namu kanofin yana da ƙofofin gefe masu ɗagawa sama, gaskiya suna da amfani, ba sai ka rarrafa ciki ka jawo abin da ke can gaba ba. Wanda ba shi da su gwiwa ce ke biya.

Manomin_Fadama: Jama'a na gode, yanzu na dawo daga gwajin da Injiniya ya ce. Na maƙala tirela na sauke ƙofar, tana kaiwa kamar rabi ta doki hannun jak, don haka mai ninki uku sai in an matsar da jak. Na auna bodin kuma, mita ɗaya da santimita hamsin da ɗan wani abu, katifata ba ta shiga a miƙe sai ƙofa na ƙasa. Zuciyata yanzu ta rabu biyu, rumfar Baba da akwatin ƙarfe, ko kanofi mai ƙofar gefe in bar kwashe shanshera ga motar haya kamar yadda nake yi in girbin ya yi yawa. Uwargida kanofi take so saboda in za mu Yauri ganin dangi da yara kayanmu su isa da tsabta.

Dan_Gwandu: Ka bi maganar uwargida Alhaji.

Bakanike_Jega: In rumfa ka zaɓa kada ka bari a walda ta jikin bodi, kuma kada a yi ta da ƙarfe mai kaurin ƙofar gida, na taɓa auna wata da ta fi kanofin faiba nauyi. Bututu mai kusurwa huɗu marar kauri ya isa, a kama shi da noti, duk ramin da aka huda a shafa masa fenti kafin noti ya shiga saboda tsatsa. In walda za a yi kusa da motar a cire kan batir tukuna.

Mai_Kifi_Yauri: In kuma kanofi ne ka sa kyamarar ribas a ƙofar bodi tana kallon ƙugiya, za ka gode min ranar da kake maƙala tirela kai kaɗai da asuba.

Sojan_Gona: Kuma gilashi fari ba baƙi ba.

Manomin_Fadama: In sha Allah. Gobe bayan azahar zan bi ta Jega in tsaya wajen Maigida ya duba min sifirin da ƙugiyar tukuna. Baba don Allah wane irin tampol ne ba ya saurin tsagewa, mai roba a jiki ko na zare?

Baba_Kangiwa: Na zare ya hi sanyi in za ka kwana ciki, mai roba ya hi tare ruwa. Ka tahi tasha ka taɓa na manyan motoci da hannunka kahin ka saye, kuma ka ce ma maɗunki shi ninka bakin sau biyu inda zobba za su zauna.